Icce na da rai

Kawuna maƙeri ne a Boɗinga, kuma tun ina firamare nake ja masa zugazugi. Cikin ayyukansa har da gyaran adaka, bindigar nan ta mafarauta da ake ɗura wa albarushi ta baki. Wurin da ya fi cin lokacinsa shi ne zama da zoben tagulla da ke ɗaure bututu a jikin ƙota.

Sai ya kara tagullar a harshen fitila ta yi baƙi, ya danna ta a kan itacen. Duk inda baƙin ya fito, nan zai kankare da wuƙa, kaɗan-kaɗan. Ya sake karawa, ya sake dannawa, har ta zauna daram. Wani lokaci zobe ɗaya kan cinye masa wuni.

In na ƙosa sai ya ce, "Kai yaro, icce na da rai. Da damina shi kumbura, da hunturu shi tsuke, tagulla ko ba ruwanta." In zoben ya matse, ƙota ta tsage. In ya yi sako-sako, bututu ya motsa lokacin harbi, kuma fuskar mai harbin ce a kusa.

Da na zo foli na tarar wannan lissafin muke yi da na'urar awo, har da jarrabawa. Kawu bai taɓa zama aji ba, kuma gemunsa ya yi fari. 'Yan'uwa ɗalibai, in an tafi hutu mu leƙa maƙerar garinmu da littafi da biro, tun masu ilimin suna nan.