Ba kowane makaho ne mawaƙi ba

Jama'a masu saurare, kun san muryata a rediyo, amma da yawanku ba ku san ba ni gani ba. Bayan aikin rediyo, ni ke riƙe da biron wata ƙungiyar wasan kwaikwayo: hayar zaure, kuɗin mota, tikiti, ranakun gwaji, sallamar makaɗa.

In na faɗi haka sai a ce, kai da ke son kiɗa, mi ya hana ka waƙa kamar Amadou da Mariam na Mali? Ina son su ƙwarai, amma ni lissafi na iya. Salulata na karanta mini saƙonni da TalkBack, sauran kuma in rubuta da braille mai ɗigo 6. Son kiɗan ma ya yi mini rana, don tun daga ƙofa nike gane lasifikar da ta fashe, kafin mu biya haya.

Abin da ke tsayar da ni shi ne takardar da aka ɗauki hotonta aka turo ta WhatsApp, musamman rubutun hannu. Dole in jira mai ido, wani lokacin har ranar ajiye dosiye ta wuce, 'yan wasa su rasa tallafi. Ma'aikatan biro, don Allah ku riƙa turo rubutu, ba hoto ba.