Firijin da Na Sa wa Famfo

A Turai da Amurka akwai masu huda ƙofar ƙaramin firiji, su ajiye tulun giya a ciki, su fito da famfo waje. Giya ba tamu ba ce, amma dabarar ta yi mini rana a nan Birnin Konni, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40.

Yaran gidana ba sa barin ƙofar firiji ta huta, sanyi sai tserewa yake yi. Sai na sayi sabuwar jarka mai lita 10, don wadda ta taɓa ɗaukar fetur ba ta abin sha ba ce. Mai gyaran firiji ya huda ƙofar, ya zura tiyo, ya ɗaura famfo ƙasa da gindin jarkar don ruwa ya gangaro da kansa. Ƙofa kaɗai ake hudawa, bututun gas a jikin bango yake bi.

Da Najeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023, ruwanmu kan daɗe da sanyi, tunda ba mai buɗewa. In zoɓo aka zuba kuwa, dole a wanke tiyon kullum da ruwan zafi, saboda sukari yana sa shi tsami.

Malamai 'yan'uwana, mu dubi randar makarantunmu, wadda kowane yaro ke tsoma hannu da moɗa guda. Haka kwalara ke samun hanya. Ko babu firiji, bokiti mai murfi da famfo bai fi ƙarfin kwamitin iyaye ba.