Neman Inuwa A Kasuwar Dei-Dei

Matafiyin da ya taso daga Kaduna ya nufi Abuja, da zarar ya bar Dutsen Zuma a baya ya wuce Zuba, to, Dei-Dei zai tarar kafin ya kai Kubwa. A nan babbar kasuwar kayan gini take, inda birnin nan da Janar Murtala Muhammed ya yi dokar kafa shi ran 3 ga Fabrairu, 1976, yake sayen kwanon rufi da katako da rodi. Akwai kuma kara, watau kasuwar shanu da tumaki.

Na sauka can a farkon Afrilu, hadari yana ta haɗuwa amma ya ƙi zubarwa. Zafin wannan lokaci a Abuja ba irin na Kano ko Sakkwato ba ne. A can, kafin damina, iska busasshiya ce, gumi na tsatsowa sai ya bushe, jiki ya ɗan sarara, kamar dai yadda randa take sanyaya ruwa. Nan kuwa iska ta riga ta ɗauko laima daga teku, gumi ba ya bushewa, sai ya manne wa mutum da riga. Saboda haka inuwa kaɗai ba ta wadatar ba, sai an haɗa mata da mashigar iska.

Wannan shi ne abin da shagunan kasuwar da yawa suka rasa. An jera su kafaɗa da kafaɗa, rufin kwano ne gajere, ƙofa ɗaya, babu taga a baya. Da rana ta take, kwano ya ɗauki zafi yana sako shi a kan mai shago, har ka ga ya fito da bencinsa waje, alhali kuwa silin yake sayarwa! Rumfunan 'yan katako sun fi dama, domin tsawon itace ya tilasta musu ɗaga rufi sama da barin gefe a buɗe. Ba don jin daɗi suka yi ba, amma sun dace.

Inda na sami sa'ida sosai shi ne gindin wani mangwaro. Ganye ya tare rana, ƙasar ƙarƙashi ba ta gasu ba, iska kuma tana ratsawa ta ko'ina. Mai shayi da wanzami da 'yan acaɓa duk sun raba inuwar a tsakaninsu, kowa ya san iyakarsa.

A titunan Maitama da Asokoro itatuwa a jere suke, ga shi masu bin su galibi a mota suke. 'Yan dakon Dei-Dei kuwa, waɗanda ke sauke siminti da rodi da tsakar rana, idan sun so hutawa ƙarƙashin tirela suke shiga su shimfiɗa kwali. A ganina, hukumar da ke karɓar kuɗin shago a kasuwar nan ba za ta gaza dasa layin dogon yaro ba a wannan damina.