Bangi, Inda Mutanen Sabon Birni Suka Sauke Kaya

Wanda ya bar babban titin Ƙonni zuwa Maraɗi a Madawa ya yi kudu, Bangi ya dosa, ƙaramar hukumar karkara a jihar Tawa ta Nijar, dab da iyakar Sakkwato. Baƙo irina ba ya iya bambance ɗan gari da ɗan gudun hijira. Hausarsu ɗaya, zanen Gobir da ke kumatun tsofaffinsu ɗaya, gero ɗaya suke dakawa. Sai an zauna an gaisa mutum zai ce maka gonarsa tana can ƙasar Sabon Birni, kuma ya daɗe bai taka ta ba.

A watan Nuwamban 2021 kaɗai, fiye da mutum 11,500 suka ƙetaro daga Sakkwato, galibinsu mata da yara, bisa lissafin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda a nan ake kira HCR. Ƙauyuka 26 na Bangi suka rarraba mafi yawansu, bayan wasu 3,500 da suka riga su isowa tun Satumba. Lokacin ne aka katse layukan waya a Zamfara, sojoji suka matsa, ɓarayin daji suka kwararo gabashin Sakkwato. A watan Oktoba sun buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum sama da 40 suka mutu.

A Kano mukan ce mutanen nan sun gudo ne daga "rashin tsaro". Wannan magana ta yi sauƙi da yawa. Abin da suka baro mulki ne, mai haraji da hukunci. Ɓarawo ya yanka wa gari kuɗi ya sa rana. A biya kafin a yi shuka, a sake biya kafin a yi girbi. A wasu garuruwan yaran jagoran ɓarayin daji Bello Turji sun tuɓe masu gari sun naɗa nasu. Wanda ya kasa biya a tafi da ɗansa daji, wanda ya kai ƙara a ce ɗan leƙen asiri ne. A 2024 har Sarkin Gobir na Gatawa, Isa Bawa, aka kama, ya rasu a hannunsu. To ina talaka?

Iyakar ba ta da katanga, daji ne da gonaki, kuma nan haɗarin yake, domin babur ɗin ɓarawo ma ba ya tsayawa a duba masa takarda. Da dare ake tahowa, a ƙafa ko a amalanken jaki, da goyo a baya da tukunya a ka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gidajen masu masauki. Ka ga ɗakin amarya an ba wata uwa da 'ya'yanta, an kafa rumfar kara a tsakar gida, layin jarkoki a bakin rijiya ya ninka. Waɗannan mutane ba masu hali ba ne; su ma rumbunsu kan ƙare kafin damina ta faɗi. Amma tun da Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808 Gobirawa ke kai da kawowa a wannan ƙasa, aure da zumunci sun riga iyaka zuwa.

Mazan 'yan gudun hijirar kan tafi ƙwadago gonakin albasar Madawa. Wasu kuma, in ruwa ya sauka, sukan lallaɓa su koma su yi shuka, sun san sarai wa za su biya kafin su yanke geron.