Addu'a Domin Abokin Aiki Mai Wuyar Hali

 Ku 'yan aji shida, saura kaɗan ku bar wannan makaranta. An koya muku lissafi da Turanci da Littafi Mai Tsarki, amma akwai jarrabawar da ke jiranku a waje wadda ba a sa mata rana, wato zama da abokin aiki mai wuyar hali. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Ni tsohon ɗalibi ne, ina so in faɗa muku yadda Ubangiji ya bishe ni cikin wannan jarrabawa.

Mu Kiristocin Katsina, shaidarmu da aikin hannu ta soma. A shekarar 1937, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, mishan ta SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a Babbar Ruga. Mutane sun fara ganin hannun da ke wanke gyambo kafin su ji wa'azi. Har yau haka abin yake. Maƙwabcinka ba zai shiga majami'a ya ji waƙarka ba, amma kullum yana ganin yadda kake yi da wanda ya ɓata maka rai.

Ina aikin akawu a wani kantin kayan gini a unguwar Ƙofar Durbi. Muna sayar da siminti da rodi da kwanon rufi. A shekarar 2023, bayan an cire tallafin man fetur kaya suka yi tsada, maigida ya damƙa mini littafin lissafi. Akwai wanda ya riga ni zuwa kantin da shekaru masu yawa, shi ke riƙe da makullin sito. Ya girme ni, saboda haka Yaya nake ce masa. Ya sa rai shi za a ba littafin. Tun daga ranar, in na gaishe shi sai ya kau da kai. In mai saye ya zo, sai ya ce, "Ku tambayi mai boko." Abin da ya fi mini ciwo shi ne, Yaya ɗan'uwa ne cikin Almasihu. Majami'a ɗaya muke sujada, ƙoƙo ɗaya muke sha a Jibin Ubangiji.

A ƙarshen wani wata na ƙirga siminti, na tarar buhu 14 babu. Kafin in buɗe baki, Yaya ya riga ya gaya wa maigida cewa yaron nan bai iya lissafi ba, ko kuwa hannunsa ba shi da tsabta. Maigida ya ba ni mako biyu in kawo bayani. Ina da mata da 'ya'ya biyu, ga kuɗin haya. Sunana da abincin gidana duk suna kan sikeli.

Na je wurin fastonmu da dare. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Ɗana, idan ka durƙusa, me kake roƙa wa 'ya'yanka?" Na ce lafiya da abinci da ilimi. Ya ce, "To, ka roƙa wa nasa haka nan, ka kuma kira sunansa a gaban Allah kowace safiya. Bayan haka ka je ka same shi, ku biyu kaɗai." Ya buɗe mini Matiyu sura 18, inda Ubangiji ya shirya matakai: a fara da keɓewa, in bai ji ba a tafi da mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kai wa ikkilisiya.

Addu'ata ta kasu kashi uku. Na fari, na roƙi Allah ya tsare bakina, domin kalma ɗaya ta fushi a gaban lebura takan zaga kasuwa kafin la'asar. Na biyu, na roƙa gaskiya ta fito ba tare da an tozarta kowa ba. Na uku, na roƙa wa Yaya da iyalinsa albarka. Wannan na ukun ya fi nauyi, kwanakin farko da ƙyar sunansa yake fita daga bakina. Amma mutumin da kake ɗauka zuwa gaban Allah kowace asuba, da wuya ka iya ƙinsa da rana.

Na kuma sami ƙarfi cikin labarin Daniyel, sura 6. Abokan aikinsa a fadar Sarki Dariyus sun bincike aikinsa suna neman laifi, ba su samu ba. Ya ci gaba da addu'a sau uku a rana, aikinsa kuma a tsare yake. Sai na gane cewa addu'a da gyaran littafi tare suke tafiya. Na tattara rasit na watan duka, na jera su rana bi rana.

Ran nan da yamma, bayan an rufe kanti, na ce, "Yaya, don Allah ina son magana da kai." Na nuna masa ranar da lissafin ya karkace. Ya ce shi ba ya karɓar tambaya daga yaro. Washegari na roƙi Baba maigadi, wani dattijo Musulmi da kowa ke jin nauyinsa, ya zauna tare da mu. Baba ya ce, "Ɗana, ni na buɗe ƙofa ranar. Kai ka ba magini siminti bashi, ka ce zai biya ran Juma'a. Faɗin gaskiya ba ya rage girma." Yaya ya sunkuyar da kai. Ashe maginin bai biya ba, tsoro ya hana shi faɗa, ga ɗansa kwance a asibiti a watan.

Mu uku muka je wurin maigida. Na roƙa kada a kore shi. Aka bi maginin, ya biya kaɗan kaɗan. Aka kuma kafa doka cewa buhu ba zai fita ba sai mu biyu mun sa hannu.

Kada ku zaci komai ya zama zuma. Yaya bai taɓa cewa in yafe masa ba. Sai da aka yi watanni kafin ya soma amsa gaisuwata, har yanzu ma wata rana yakan murtuke. Wannan bai ba ni mamaki ba. Ayyukan Manzanni sura 15 ta nuna mana Bulus da Barnaba, manyan bayin Allah, sun yi saɓani mai zafi a kan Markus har suka rabu: Barnaba ya tafi Kubrus da Markus, Bulus ya ɗauki Sila. Sai bayan shekaru, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, Bulus ya aika a kawo masa Markus ɗin nan domin amfaninsa. Sulhu yana da lokacinsa a hannun Allah.

Saboda haka ƙannena, in kun gamu da irin wannan, ku riƙe abu huɗu. Ku kai sunan mutumin gaban Allah kafin ku kai shi kunnen wani. Ku tsare aikinku, kada a sami inda za a kama ku. Ku same shi a keɓe cikin ladabi, in ya ƙi ku nemi dattijo mai gaskiya, ko wane addini yake bi. Kada kuma ku ɗauka haƙuri shi ne a bar ƙarya ta zauna a kanku, domin mai haƙuri ma yana da baki, sai dai ya san lokacin buɗe shi.

Allah na salama ya kiyaye fitarku daga wannan makaranta, ya ba ku aiki mai albarka, ya kuma sa ku zama masu sauƙin zama ga waɗanda za ku yi aiki tare da su. Amin.