Daga Assaga zuwa Makka: a kula da ƙafa

Assaga gari ne na gaɓar kogin Komadugu, wajen kilomita 10 daga birnin Difa. Kogin daga Najeriya ya taso, inda ruwan Haɗeja da na Jama'are suka haɗu. A nan shi ne iyaka tsakanin Nijar da Najeriya, har ya gangara tafkin Cadi wajen Boso. Mutanen gaɓa suna noman shinkafa da albasa, amma tattasai shi ne babban arzikinsu. A shekarar 2015 rikicin Boko Haram ya tada jama'ar Assaga, da yawansu suka koma bakin babbar hanya. Duk da wannan wahala, manomin da ya sayar da buhunan tattasai, da makiyayin da ya sayar da bijimai, ba su daina burin zuwa Makka ba.

A zamanin da, alhazan wannan yanki da ƙafa suke tafiya, ko a kan jaki da raƙumi. Su ratsa ƙasar Cadi, su shiga Darfur, su kai bakin Bahar Maliya. Waɗansu sai sun yi shekaru a hanya. Su tafiya ce take gajiyar da ƙafarsu. Alhajin yau kuwa, zama ne yake cutar da tasa.

Wanda jirginsa zai tashi daga Yamai, yana da kilomita fiye da 1,300 a gabansa. Mota za ta bi Maine-Sorowa, Gudumariya, Gure, Damagaram, Maraɗi, Birnin Ƙonni da Doso. Yini da dare mutum yana zaune, gwiwa a lanƙwashe, kaya a ƙarƙashin ƙafa. Daga Yamai kuma jirgin sama yana yin awa 5 ko fiye kafin ya sauka Jidda ko Madina.

Manomin Komadugu ya san injin ban ruwa. In inji ya tsaya, ruwa ya kwanta a hanyarsa. Haka jini yake a ƙafa. Tsokar sha-raɓa ita ce injin. Duk takun da mutum ya yi, tana matse jijiyoyi, jini ya hau zuwa zuciya. In an daɗe a zaune, jini ya taru a ƙasa, ƙafa ta kumbura. Wani lokaci jinin yakan daskare cikin jijiya. Gudan jinin nan in ya ɓalle ya kai huhu, yana iya kisa. A shekarar 2007 hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta bayyana cewa zaman awa 4 ko fiye a jirgi ko a mota yana ninka wannan haɗari kusan sau 2. Tsofaffi, da masu ƙiba, da mata masu ciki, da wanda aka yi wa aiki a asibiti ba da daɗewa ba, da wanda ya taɓa yin ciwon, su suka fi shiga haɗari.

Akwai safa ta musamman domin irin wannan tafiya. Ta fi matsewa a idon sawu, tana sassautawa in ta yi sama, don ta taimaki jini ya hau. A kantin magani ake nemanta. Da Faransanci ana ce mata chaussettes de contention. Safar kasuwa mai roba a baki ba ita ba ce, ɗaure ƙafa kawai take yi.

Ga yadda ake zaɓenta. A sami ma'aunin tela da safe, kafin ƙafa ta kumbura. A auna idon sawu inda ya fi siranta. A auna sha-raɓa inda ta fi kauri. A auna tsawo daga diddige zuwa ƙasan gwiwa. A rubuta lambobin 3 a takarda, a kai wa mai kantin magani. Lambar takalmi kaɗai ba ta isa ba. A ɗauki wadda ta tsaya ƙasa da gwiwa. A kan kwalinta akwai lambar ƙarfin matsi tare da haruffan mmHg. Ta matafiyi tsakanin 15 da 30 take. In safar Faransa ce, aji na 2 shi ne 15 zuwa 20.

A sa ta da asuba kafin a shiga mota. A miƙe ta sarai, kada a bar ƙudundune, kada a naɗe bakinta. Amma mai ciwon sukari, da mai ciwon zuciya, da mai gyambo, da wanda ƙafarsa take sanyi ko ba ya jin taɓi, kada su sa sai likita ya duba su.

Akwai kuma maganar harami. Namiji ba ya sa safa in ya ɗaura harami, mace kuwa tana sawa. Wanda ya fara sauka Madina yana iya barinta a ƙafa har ya isa miƙati. Wanda zai ɗaura harami cikin jirgi, ya tambayi malaminsa tun yana gida.

Safa ba ta ɗauke wa mutum motsi. Duk inda mota ta tsaya don salla, a sauka a taka. Cikin jirgi a riƙa ɗaga diddige ana saukewa, a riƙa shan ruwa. Bayan an sauka, ko da makonni sun wuce, in ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji yana suka, a je asibiti nan take.

A Makka ɗawafi 7 yana jiran alhaji, ga sa'ayi na fiye da kilomita 3, ga Mina da Arfa. Bayan salla kuma, gonar tattasai tana jiransa a bakin Komadugu. Duka da ƙafar nan zai yi su.