Daga Kwatano zuwa Jibiya a motar Baljiyam

Ka sha tambayata, abokina, me ya kai ni har Kwatano sayen mota alhali ga dillalai birjik a Katsina da Kano. Zuwa da kai ya fi saƙo, kuma a lokacin, watan Mayun 2014, hanya a buɗe take: ka sayo motarka a Jamhuriyar Benin, ka biya kuɗin fito a bakin iyaka, ka shigo gida. Sai daga 1 ga Janairun 2017 ne gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu. Na bi ta Legas, na wuce Badagiri, na tsallaka a Seme. Ina tsallakawa bakina ya ɗaure, don allunan hanya duk sun koma Faransanci. 'Yan acaɓarsu, zemijan suke ce musu, kowa sanye da riga ruwan ɗorawa mai lamba a baya, kuma ba wanda na iya gaya wa inda za ni sai da nuni. Hankalina bai kwanta ba sai a unguwar Zango, inda na ji ana cinikin goro da Hausa. A nan, bayan la'asar, aka haɗa ni da wani dillalin mota, dattijo ɗan asalin Dogondutsi da ya kwana biyu a garin.

Washegari ya kai ni Sekanji da Ekpe, kan hanyar nan da na biyo daga Seme. Filaye ne na rairayi, an kewaye kowanne da katanga, motoci a ciki maƙil kamar raguna a kara ana jibi Sallah. Kowace an rubuta mata lambobi a gilashin gaba, wasu ma har da takardar tsohon mai ita a aljihun gaban mota. Yawancin masu filayen 'yan Labanan ne. Ni a zatona duk motar da muke kira Baljiyam a Baljiyam aka hau ta. Ashe tattaro su ake yi daga Jamus da Faransa da Holan da sauransu, a tara a wata unguwa ta birnin Burasal, wajen titin Heyvaert, sannan a loda su a jirgin ruwa a tashar Antwerp. Kuɗinsu ma da Turai yake tafiya, tunda sefa ɗaure take da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656. In naira ta yi ƙasa, mu ne muke ji a jikinmu, mai fili ko gezau.

Idona ya faɗa kan wata ƙarama ƙirar Japan, mai ƙofa huɗu, giyar hannu. Fenti lafiya lau, kujeru ba yaga. Ina ta shafa jikinta, shi kuwa Baba dillali bai ko kalli fentin ba. Kwali ya nema ya shimfiɗa a ƙasa, ya tattare babbar rigarsa, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashinta da fitilar waya. Ya kira ni na durƙusa. Ya nuna mini tsatsa a jikin salansa da wasu ƙarafa, ya ƙwanƙwasa da makulli, ya ce wannan ta sama ce, ba ta ci ƙarfe ba. Ban taɓa sanin cewa a Turai gishiri suke watsa wa titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke ba, kuma gishirin nan shi ke cin cikin mota. Abin da ya fi ba shi tsoro siraran bututun man birki ne, don in tsatsa ta huda su, ka taka birki ka ji wayam. Ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce suna nan da ransu.

Gwaji kuwa ba irin wanda ka sani ba ne a gida, inda za ka ɗauki mota ka zaga gari da makanikenka. Motar ba ta fita hannun kwastan ba, don haka iyakarka cikin fili: gaba kaɗan, baya kaɗan, da ɗan man da aka zuba daga kwalba. Batirin ma ya mutu tun a jirgi, sai da aka yi mata jona ta tashi. Baba ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, duk abin da za ka roƙa, roƙe shi yanzu da kuɗi ke aljihunka." Muka lissafa: batir, jak, safaya, robar waifa da ta bushe, da esi da ke hura iska ba sanyi. Mai filin ya ba da batir da jak da safaya ba gardama, ya ce esi gas kawai take so, ba zai rage ko dala ba. Baba ya sa aka rubuta abin da aka yi alkawari a jikin rasit, ya tsaya har aka ɗaura batirin a gabansa kafin na ƙirga kuɗi.

Wani abu ya tsaya mini a rai a wurin. A Baljiyam, in ɗan ƙasa ya sayi tsohuwar mota hannun dila, doka ta ɗora wa dilan garanti na aƙalla shekara ɗaya, kuma sai an ba mai saye wata takarda, Car-Pass, mai nuna tarihin kilomitar da motar ta ci. Motar da aka ware don Afirka kuwa tsakanin 'yan kasuwa take yawo, daga hannu zuwa hannu, kafin ta iso gabanka duk wannan kariya ta zube a hanya. Mota ɗaya ce, amma wanda ya fi ƙaramin ƙarfi shi ne ke saye ba madafa. Wannan ba adalci ba ne, kuma har yau ban canza ra'ayi ba.

Da takardun wucewa suka kammala, muka fito cikin ayarin motocin da za su ratsa Nijar. Direbana wani saurayi ne Badande daga Malanbil, Hausarsa tas. Muka bar Kalabi, muka shiga Allada, inda mata ke jere da abarba doguwa mai farin ciki, zaƙinta ya fi wanda na sani. Kafin Bohikon hadari ya haɗu. Na danna maɓallin gilashin gefena don ya hau, ya yi ƙus ya tsaya a rabi. Ruwa ya tsuge. Muka ratse, direba ya danna daga nasa ɓangaren, shiru. Da leda da tsumma muka toshe tagar, rigata sharkaf, muka lallaɓa zuwa cikin gari.

A nan na buga wa mai fili waya, direba yana yi mini tafinta. Bai yi faɗa ba, bai kuma musa ba. Cewa ya yi gilashi yana aiki lokacin da mota ta fita, abin da ya faru bayan ƙofa na mai mota ne. Raina ya ɓaci, har na fara lissafin juyawa. Amma daga Bohikon zuwa Kwatano ya haura kilomita ɗari, ga takardun wucewa da ba sa son komawa baya, ga ayari zai bar mu. Sai na kira Baba. Shi ya ji kunya, ya ce, "Alhaji, wannan nauyina ne, ni na kai ka." Ya haɗa mu da wani mai gyaran wayoyin mota da ya sani kusa da tashar mota. Yaron ya ɓalle marfin ƙofa, ya ciro maɓallin, ya buɗe shi, ya nuna mini 'yan ƙarafan ciki sun yi kore saboda danshin teku. Ya kankare su da 'yar takardar yashi, ya mayar, gilashi ya hau sumul. Da na tambayi kuɗi ya ce Baba ya riga ya ce a rubuta a kansa. Tun daga ranar na gane cewa a wannan kasuwa mutuncin dillalinka shi ne garantin da kake da shi, don shi yana sa ran ka dawo ko ka turo ɗan'uwanka, kuma yana da fuskar da yake karewa a Zango.

Daga Dasa ƙasa ta fara canzawa. Duwatsu manya suka bayyana, garin rogo a ƙulle cikin leda an jera shi bakin hanya, kowane tebur da sunan mai shi. Fetur kuwa a manyan kwalabe ake sayar da shi ko'ina, kpayo suke kiransa, kuma namu ne na Najeriya da ya tsallako. Bayan Sabe wata fitila ruwan lemo mai siffar inji ta kama a gabana. Gabana ya faɗi. Direba ya dube ta, ya saurari injin, ya ce mu ci gaba. Ya ce ja ita ce mai cewa tsaya nan take, wato ta baƙin mai ko ta zafin inji. Ruwan lemo in ta tsaya cak ba ta ƙyaftawa, kuma mota ba ta rawa, tana nufin a duba da wuri. Ban sake da maganarsa ba sai da muka isa Faraku, kilomita ɗari huɗu da 'yan kai daga Kwatano, garin da layin dogo ya ƙare, inda a da ake sauke kayan Nijar daga jirgin ƙasa a ɗora wa manyan motoci. Wani mai gareji ya jona 'yar kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, ta nuna cewa na'urar da ke auna hayaƙi a bututun salansa ce ta gaji. Ya ce za ta ƙara shan mai kaɗan, amma za ta kai mu gida. Na rubuta a takarda, na bar ta.

Abin da ya kamata ya tsorata ni, shi ban gani ba sam. Muna cin wagashi, cukun nan na Fulanin yankin da ake soyawa, mai garejin ya zagaya motar ya tsuguna gaban taya. Ya kira ni ya ɗora yatsa kan wani ɗan zane, dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a tsakiya. Ya ce tayoyin sanyi ne, robarsu taushi gare ta, an yi ta don titi mai ƙanƙara, a kwaltarmu mai zafi saurin cinyewa take yi, birki ma ba ya kama ta yadda ya kamata. Sannan ya nuna mini lambobi huɗu a ƙarshen wani layi da ya fara da DOT: 3806. Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato an yi tayar a mako na 38 na 2006. Zanenta bai goge ba, shi ya sa ta yi kyau a ido, amma da ya matsa gefenta sai ga 'yan tsage-tsage. Gabanmu kuwa akwai sama da kilomita ɗari uku zuwa Malanbil, ga zafin Mayu. A nan na kashe kuɗin da na ware don esi, har da ƙari, na canza su. Gumi ba ya kashe mutum a hanya, fashewar taya a guje tana kashewa. Muka bi ta Bembereke da Kandi, ƙasar auduga, gilashi a sauke, iska mai zafi tana dukanmu.

A Malanbil sai na ji kamar na iso gida. Kasuwa cike da albasa da hatsi, Hausa da Zabarmanci da Dandanci suna tashi ta ko'ina. Muka shiga layin gadar da ta ratsa kogin Kwara zuwa Gaya, manyan motoci gaba da baya, ana matsawa taku-taku. A nan allurar zafin inji ta fara hawa. Direba ya kashe mota nan da nan, ya hana kowa taɓa murfin lagireto sai ta huce. Makanikai suka taru. Na farko ko bonet bai gama buɗewa ba ya ce, "Maigida, tamosta ce, ta Turai ce, a cire a jefar, a haɗa fanka kai tsaye." Ka san maganar nan, kowane gareji a gida ita ake yi wa motar Baljiyam. Wani dattijo a cikinsu ya ce a dakata. Ya sa aka tayar da injin, ya riƙe babban tiyon sama har ya ji ya ɗau zafi, ya ce ruwa yana wucewa, tamosta tana buɗewa, ba ruwanta. Fanka ce ba ta juyawa. Ya buɗe akwatin fiyus, ya zare wani ɗan baƙin rile, ya musanya shi da makamancinsa na kusa, fanka ta ɗauka. Abin da ya tsayar da mu bai kai girman akwatin ashana ba.

Dattijon ya yi mini bayanin da ban taɓa ji ba. Tamosta ƙofa ce da ke tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 80 zuwa 90, daga nan ta buɗe. In an cire ta, inji ya daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya ci kansa a hankali, ainihin ciwon kuma yana nan a ɓoye. Na biya shi fiye da abin da ya nema, da zuciya ɗaya.

Sauran hanya ba ta da labari mai yawa: Gaya, Doso, Dogondutsi, Birnin Ƙonni, Gidan Rumji, Maraɗi, Ɗan Isa. Wani ƙara ya taso daga ƙofar baya, muka cusa takarda ya yi shiru. Rediyo ta ƙi magana tun da aka canza batir, tana neman lambar sirrin da ta rage a Turai. A Jibiya na biya kuɗin fito, na sallami direba.

Kashegari na kai wa makanikena takardar da na yi ta rubutawa a hanya. Muka fara da abin da ba ya cikinta ma: baƙin mai da matatarsa, man birki, da bel ɗin cikin inji, tunda ba wanda ya san yaushe aka canza shi, kuma in ya tsinke yana iya tafiya da injin. Na'urar salansa ta biyo baya da aka yi albashi, esi kuma sai da damina ta ja baya, bayan an gano inda gas ke zurarewa an toshe. Rediyon na cire na sa wata. Da ya zo kan lagireto ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, a cire tamostar nan ko?" Na ce a bar ta, a wanke lagireto, a sa sabon murfi.